Mun Je Konamara Neman Kalma Biyar

Takardar a ninke take gida huɗu, ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Abokiyar aikina ta ciro ta daga aljihun rigar sanyinta tun jirgin ƙasa bai gama fita daga tashar Heuston ta Dablin ba, ta shimfiɗa ta a kan ɗan teburin da ke tsakaninmu. Layi uku ne a jiki, duk da harshen da mutanen Ayalan ke kira Gaeilge, ana furta shi kamar "Gelge". Ɗaya daga cikin layukan nan take so a zana mata a damtse da allura da tawada, don tunawa da mahaifiyarta da ta rasu watanni takwas kafin nan.

Shekara shida muna aikin jinya a ɓangare ɗaya, yawanci aikin dare. Ranar da aka bugo mini waya daga Zariya cewa Baba ya rasu, ita ta karɓi sauran marasa lafiyata ba tare da na roƙe ta ba, ta kai ni gida da motarta, ta zauna da yarana har na samo tikiti. Don haka da ta ce in raka ta yamma, Konamara, wurin yayar mahaifiyarta, ban tsaya neman uzuri ba. Abu ɗaya na faɗa mata tun a lokacin, ban ɓoye ba: addinina ya hana irin wannan zane na dindindin, ni ba zan yi ba, kuma ba zan so 'yata ta yi ba. Ta ce ta sani. Ta ce ba shawarar zanen take nema a wurina ba, tsoro take ji ta shiga gidan nan ita kaɗai, domin tun ranar jana'iza ba ta koma ba. Wannan kuwa abu ne da na san ciwonsa.

Ba baƙon abu ba ne a wurina mutum ya ɗauki labarinsa a fatarsa. Kakata ta wajen uwa tana da jarfa a wuya da gefen baki, wanzami ya yi mata tun tana budurwa, kuma har ta tsufa idan ta yi dariya sai zanen ya motsa. Mu da muka zo daga baya lalle muka sani, wanda ke yin sati biyu ya kama gabansa. Abin da ban taɓa tunani a kai ba shi ne a rubuta magana, jimla guda mai nahawu, a inda ba a gogewa. Kuskuren lalle ruwa da sabulu ke gyara shi. Wannan kuwa da shi za a binne ka.

Farkon Nuwamba ne, watan da Katolikan ƙasar ke keɓewa don tunawa da mamatansu. Gari ya yi duhu-duhu tun da hantsi. Jirgin ya ratsa tsakiyar ƙasar, filaye kore shar da shanu da tumaki, sai fadamu masu baƙar ƙasa inda ake yanko abin da suke busarwa su hura wuta da shi. A Athlone muka haye kogin Shanon. Ni dai hankalina na kan takardar, ita kuma tana ba ni labarin yadda ta samo layukan. Na farko na'urar fassara ta waya ce ta ba ta. Na biyu ta gan shi a hoton hannun wata. Na uku ita ta haɗa da kanta daga abin da ya rage mata na makaranta.

Na tambaye ta, ba shekara goma sha uku ko sha huɗu kuke yi kuna koyon harshen nan a makaranta ba? Ta ce haka ne, kuma ta ci jarrabawa. Amma cin jarrabawa daban, iya yi wa uwarka magana daban. Mahaifiyarta da Gelge ta tashi, sai da ta shiga makaranta ta fara jin Turanci sosai. Ta zo Dablin neman aiki tana 'yar shekara goma sha takwas, ta auri ɗan birni, ta raini 'ya'yanta huɗu da Turanci. Gelge sai idan tana waya da yayarta, ko tana addu'a, ko ranta ya ɓaci. A watanninta na ƙarshe, da ciwo ya ci ƙarfinta, Turancin ya riƙa zubewa, ta koma harshen ƙuruciya. 'Yarta ma'aikaciyar jinya tana zaune a bakin gado, tana kama kalma ɗaya cikin biyar.

Ƙidayar da aka yi a 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 a ƙasar sun ce suna jin Gelge. Waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta kuwa ba su wuce dubu 72 ba. Tsarin mulkin 1937 ya sa shi harshen hukuma na farko, yana kan kowane allon hanya da kowane fasfo, Tarayyar Turai ma ta karɓe shi. Abokiyata tana cikin miliyan 1.9 ɗin nan, kuma ita da bakinta ta ce mini abin yana ba ta kunya.

Bayan awa biyu da rabi muka sauka a Golwe, muka shiga bas mai bin gaɓar teku zuwa yamma. Ba a jima da barin gari ba sai ga allo a gefen hanya an rubuta An Ghaeltacht, wato daga nan an shiga yankin da harshen ke raye a bakin mutane. Sunayen garuruwa suka koma Gelge zalla: Bearna, An Spidéal, Indreabhán. A hagunmu teku ne launin toka, can nesa ana hango tsibiran Aran kamar bayan kifi. A dama kuwa duwatsu. Ban taɓa ganin ƙasa mai dutse kamar Konamara ba. Gonaki ƙanana ne, wata ba ta fi tsakar gidanmu na Zariya ba, kowacce an kewaye ta da katangar duwatsun da aka tsince daga cikinta, an jera ba siminti. Ina kallonsu ina tunanin hannuwan da suka ɗaga su. Yunwar da ta faɗa wa ƙasar daga 1845, lokacin da cuta ta kama dankali, ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka tsallaka teku, kuma talakawan yamma masu jin Gelge su suka fi shan wuyarta. Bayan haka iyaye da kansu suka riƙa tura 'ya'yansu ga Turanci, domin yaron da zai ƙare a Boston ko Landan da shi zai ci abinci. Mahaifiyar abokiyata ba ita ta fara wannan lissafin ba, gadonsa ta yi.

Mun wuce Baile na hAbhann inda gidan talabijin na TG4 yake tun 1996, muka wuce Casla inda gidan rediyon Raidió na Gaeltachta ke watsa shirye-shiryensa tun 1972. A kujerar bayanmu wasu 'yan mata biyu 'yan makaranta suna hira da Gelge, da sauri, suna dariya, kalmar Turanci na faɗowa jefi-jefi kamar yadda yaranmu ke yi da Hausa. Abokiyata ta yi shiru tana saurarensu har muka sauka kusa da An Cheathrú Rua.

Tsohuwar tana bakin ƙofa tana jiranmu, shekararta tamanin da huɗu, gajeriya, da rigar ulu a kan wata rigar ulu. A zuciyata Inna na riƙa kiranta, tunda yayar uwa ce. Ta rungume 'yar ƙanwarta tana cewa "a stór, a stór", wato ya dukiyata. Ni kuma ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce "Dia dhuit", Allah ya kasance tare da ke, wadda ita ce sallamarsu ta yau da kullum. Gidan yana ƙamshin hayaƙin baƙar ƙasar nan, wani ƙamshi mai daɗi kamar na turaren itace da aka jiƙa. Rediyo na kunne a kan kanta. Ta ce da rana ba ta kashe shi, don kada sanarwar rasuwa ta wuce ta, sai na tuna Baba da rediyonsa bayan la'asar. Ta kawo shayi mai kauri, da burodin da ta gasa da kanta, da man shanu, da kifi. Ba ta tambaye ni abin da nake ci da wanda ba na ci ba, ashe tun a waya ta bincika.

Sai da aka sha shayi zagaye biyu sannan takardar ta fito. Inna ta sa tabarau, ta karanta layin farko a hankali, leɓenta na motsi. Da Turanci ana nufin a ce "kin tafi amma ba a manta da ke ba". Ta ajiye takardar ta ce kalmomin duk na Gelge ne, amma ƙashin bayan maganar na Turanci ne. Suna da suna ga irin wannan, Béarlachas, wato Turanci sanye da rigar Gelge. Ta ce ba ta taɓa jin wani ya faɗi haka a gidan makoki ba, kuma ta je gidan makoki fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Na tambaye ta, to me ake cewa idan mutum ya rasu? Ta ce ana cewa "tá sí imithe ar shlí na fírinne". Abokiyata ta juya mini shi: ta tafi kan hanyar gaskiya.

Tsigar jikina ta tashi. Na ce mata mu ma haka muke cewa, ta riga mu gidan gaskiya. Inna ta cire tabarau ta dube ni, ta sa na maimaita da Hausa sau biyu. Daga nan hira ta koma tsakanina da ita, abokiyata ta zama tafinta. Idan an ambaci mamaci sukan ce "go ndéana Dia trócaire uirthi", Allah ya yi mata rahama, daidai inda mu za mu ce Allah ya jiƙanta. Idan za su yi alkawarin gobe sai sun ce "le cúnamh Dé", da taimakon Allah. Mai zuwa ta'aziyya yakan riƙe hannun mai rashi ya ce "ní maith liom do thrioblóid", ban ji daɗin wahalarki ba. Addininmu ba ɗaya ba ne, ita da gicciye a bangon ɗakinta ni da carbi a jaka, kuma ba wanda ya yi ƙoƙarin shafe wannan bambancin. Amma na shekara goma sha ɗaya ina magana da Turancin asibiti, inda ake kewaye mutuwa da kalmomi masu santsi, ban taɓa jin bakin wani Bature ya zo kusa da bakin mutanenmu kamar na tsohuwar nan ba.

Layi na biyu shi ne wanda aka kwafo daga hannun wata, "zuciyata ta karye". A nan Inna ta nuna kurakurai biyu da ɗan yatsa. Zuciya ita ce croí, amma da zarar ka ce "tawa" sai farkon kalmar ya yi laushi, ta koma mo chroí, ana furta ta da wani sauti daga maƙogwaro. Wanda ya rubuta ya bar h ɗin. Haka harshen yake, kalmomi na canza kamanni daga gaba gwargwadon abin da ya zo kafin su, har da sunayen mutane. Idan za ka kira Seán sai ka ce a Sheáin, Máire kuma a Mháire. Shi ya sa mai buɗe ƙamus ya ɗebo kalmomi ya jera yake faɗawa rami. Kuskure na biyu ya fi muni. Akwai 'yar sanda da ake ɗora wa wasali don a ja shi, sunanta síneadh fada, a taƙaice fada. Briste, ba sanda, shi ne karyayye. Bríste, da sanda a kan i, wando ne. A hoton, sandar tana nan inda bai kamata ba. Wata baiwar Allah tana can tana yawo da wannan a hannunta, ta yi shi ne da hawaye, kuma ba wanda ya tsaya ya duba mata.

Na karɓi alƙalami na rubuta musu fada da faɗa, na nuna musu 'yar lanƙwasar da ke kan d, na ce na farko gidan sarki ne, na biyu rigima. Na rubuta ƙasa da kasa. Inna ta ɗaga takardar kusa da fitila ta daɗe tana kallon ƙugiyar ɗ, ta ce ashe ku ma kuna fama da masu buga takarda.

Wajen ƙarfe biyar saura rana ta faɗi. Na ce ina so in yi salla, ta kai ni ɗakin da ita da ƙanwarta suka kwana suna yara, ta shimfiɗa mini bargo mai tsabta, ta ja ƙofa. Da na idar na daɗe a zaune. Ta taga ina jin teku. Tunanin da na yi ta turewa tun cikin jirgi ya zo ya zauna a gabana: 'yata mai shekara tara, idan na yi mata magana da Hausa da Turanci take amsa mini. Tana ji, amma ba ta mayarwa. Ni ce na bari haka ta faru, don na dawo aiki a gajiye kuma Turancin ya fi saurin kai mu ga barci. Na ga ranar da za ta zauna a bakin gadona tana kama kalma ɗaya cikin biyar.

Da na fito na tarar sun kai layi na uku, wanda abokiyata ta haɗa da kanta, "har abada a cikin zuciyata", go deo i mo chroí. Inna ta ce wannan daidai ne, ba kuskure ko ɗaya, ana iya sa shi a kan dutsen kabari ba wanda zai ce uffan. Sai ta yi shiru, ta ce amma na kowa ne. Ta tambaye ta, "A stór, da za ta shigo ta ƙofar nan yanzu, me za ki ce mata?" Abokiyata ta buɗe baki ta kasa. Da ƙyar ta ce, da Turanci, ina kewarki.

Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Airím uaim thú." Ana furta shi kamar "ariim wem huu". Ta warware mana shi kalma-kalma: ina ji, daga gare ni, ke. Wato ina jin gurbinki a jikina, ina jin inda aka cire ki. Ta ce mutanen kudu, wajen Kerry, za su ce braithim uaim thú, na arewa a Donegal suna da tasu kalmar daban, kuma duk daidai ne a garinsu. Amma mahaifiyarki 'yar nan ce, airím take cewa. Ta ce duk ranar Lahadi idan sun yi waya da wannan ƙanwarta ke rufe magana, shekara hamsin da ɗoriya. Abokiyata ta ce ta sha jin sautin daga ɗaki tana yarinya, ta ɗauka sallama ce kawai irin ta "sai an jima".

A harshen nan baƙin ciki ba abin da kake yi ba ne, abu ne da ke hawa kanka. "Tá brón orm", baƙin ciki yana kaina. Ba su da aikatau na mallaka ma, sai dai a ce abu yana wurinka, kamar yadda muke cewa ina da, wato ina tare da. Bahaushe da ke cewa kewa ta dame ni, zazzaɓi ya kama ni, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane. Ina ganin shi ya sa layin farko ya yi wa Inna bambaraƙwai. Sanarwa ce ake yi wa masu wucewa, alhali wadda ke zaune a gabanta da uwarta take son magana.

Aka ƙara kalma biyu a ƙarshe, a Mhama, ya Mama, m ɗin ya yi laushi ya koma kamar w, "a Wama". Biyar ke nan. Abokiyata ta miƙa mata alƙalami ta ce ta rubuta da hannunta. Abin da ya fito a takardar bai yi kama da rubutun allon hanya ba. Inna ta yi makaranta ne kafin a sauya haruffa a shekarun 1960, lokacin da ake rubuta Gelge da nasa tsohon salon mai zagaye-zagaye, kuma maimakon h ɗigo ake ɗorawa a kan baƙin da ya yi laushi. Don haka ta sa ɗigo a kan t na thú, ta sa ɗigo a kan M na Mhama. Hannunta na ɗan rawa, wutsiyar r ta karkace. Na tuna wasiƙun Baba na ajami, yadda ɗigo ɗaya ke raba harafi da ɗan'uwansa, da yadda a gidanmu yanzu mutum biyu ne kacal suka rage masu iya karanta su. Inna ba ta son zanen jiki, ta faɗa ƙarara, ta ce a zamaninsu sai matuƙan jirgin ruwa ke yi. Duk da haka ta sake rubutawa sau uku har sai da ta gamsu, ta ce tunda za a yi, a yi shi daidai.

Da safe, kafin bas, muka je maƙabarta. A bakin teku take, iska na kaɗawa har sai da na riƙe mayafina da hannu biyu. A can aka kawo mahaifiyar aka binne kusa da iyayenta, kamar yadda ta roƙa. Na tsaya daga baya kusa da katanga na bar su. Duwatsun kaburbura da yawa da Gelge aka rubuta su, kuma yanzu ina iya gane 'yan sandunan da ɗige-ɗigen. Inna ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce wani marubucinsu, Máirtín Ó Cadhain, ɗan wajen An Spidéal, ya wallafa littafi a 1949 mai suna Cré na Cille, wanda duk mutanen cikinsa matattu ne a maƙabarta irin wannan, suna ta hira da tsegumi a ƙarƙashin ƙasa. Ta ce idan haka ne ƙanwarta ba ta rasa abokan magana ba, kuma da harshenta. Abokiyata tana durƙushe a gaban kabarin, ina ganin bakinta na motsi. Ta maimaita abin ya fi sau goma, tana gyara furucin.

A jirgin komawa ta yi barci, takardar tana cikin littafi a ƙirjinta don kada ta lanƙwashe. Na kira gida. 'Yata ta ɗauka ta fara ba ni labarin makaranta da Turanci. Na bari ta gama, na ce mata, "Uwata, na yi kewarki." Sunan mahaifiyata aka raɗa mata, shi ya sa nake kiranta haka. Ta yi ɗan jim ta tambaye ni mece ce kewa. Daga Athlone har muka kusa Tullamore ina yi mata bayani, da Hausa, ina tsayawa ina maimaitawa.

Bayan sati uku, muna ɗakin canja kaya kafin aikin dare, abokiyata ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa. Fatar wurin ta gama saɓa, tawadar ta zauna. Mai zanen ya kwafi rubutun Inna yadda yake, har da karkatacciyar wutsiyar r. Ta ce tun da aka yi ba ta yarda da idonta ba, in duba mata. Na ciro hoton takardar a wayata na kara kusa da damtsenta, na bi harafi-harafi da ɗan yatsa. Sanda a kan i, sanda a kan u. Ɗigo a kan t, ɗigo a kan M. Na ce mata duk suna nan. Ta sauke hannun rigar, muka fita karɓar aiki.